Bizar mawaƙa zuwa Amurka: yadda dokar take

Duk sanda aka soke wasan wani mawaƙi a Amurka sai ka ji ana ta cewa ai shi ne ya ci kuɗin mutane ya noƙe, alhali sau da yawa takarda ce ta tsaya. Bizar ziyara, wato B1/B2, ba a hawa dandamali da ita a karɓi kuɗi. In jami'in filin jirgi ya gano wasa ka zo yi, zai iya soke ta nan take ya mayar da kai a jirgi na gaba.

Bizar aiki ake nema, kuma mawaƙin ba shi ke fara nema da kansa ba, sai mai shirya wasan ko wakili a can Amurka ya cika fom I-129 ya kai wa USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, haɗe da kwantiragi da jerin garuruwa da ranakun wasa, da wasiƙar ƙungiyar ƙwadago ta mawaƙan ƙasar. Bizar aikin iri-iri ce: O-1B ta mutum ɗaya ce da ya yi fice. P-1B ta ƙungiya ce, amma kashi 75 cikin 100 na 'yan ƙungiyar sai sun kai shekara tare. Ga P-3 kuma, wadda ni a ganina ita ce ta mai kalangu da mai goge da mai kuntigi, don ta kiɗan gargajiya ce, sai dai mutanenmu ba su cika saninta ba.

Kuɗin fa shi ne matsalar. Da kuɗin shigar da fom ɗin dala 460 ne, daga 1 ga Afrilun 2024 ya koma 1,615 a bizar P, 1,655 a O, ko da yake ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin da ba na riba ba ana rage musu. Fom ɗaya baya wuce mutum 25. In kana so a duba cikin kwana 15 na aiki, wani kusan dala 3,000 ne daban, kuma ba a ma zo kan lauya ba.

Ko USCIS ta amince, saura intabiyu a ofishin jakadanci, Abuja ko Legas, kowa ya biya dala 205, kuma jami'in na iya hana makaɗi ɗaya ya bai wa sauran. Tauraron da zai cika babban fili wannan ba komai ba ne a wajensa. Mai goge da za a gayyata jami'a ɗaya da biki biyu, lissafin kam ba ya fita, mai gayyatar sai ya haƙura tun kafin ya cika fom.