Ƙwarin nan masu tsalle a jikin shuka, fara ne ko wani iri ne daban?

Wai su wane ne waɗannan ƙwarin?

Ƙananan ƙwari ne da suke lafewa a jikin kara ko bayan ganye, ka kai hannu su yi tsalle su ɓace. Masana suna kiran rukuninsu Fulgoromorpha, kuma zuwa yanzu an rubuta sunayen fiye da iri 12,500 a duniya. Mutane da yawa da sun ga tsallen sai su ce ai 'ya'yan fara ne, toh ba haka ba ne. Fara tana da haƙora, taunar ganye take yi har ka ga inda ta ci. Su kuwa bakinsu kamar allura yake, sai su soka shi cikin shuka su zuƙe ruwanta, shi ya sa aka sa su a babban gidan Hemiptera, gida ɗaya da kuɗin cizo da ƙwarin da ke kawo darɓa a dawa.

Gida nawa suka kasu?

Wajen dangi 20 ne, ya danganta da lissafin masanin da ka bi. Akwai Cixiidae da 'ya'yansu ke zama cikin ƙasa suna tsotsar saiwa, akwai Flatidae masu faffaɗan fiffike kamar ƙaramin malam buɗe littafi, akwai Derbidae da Issidae, sai kuma Dictyopharidae masu dogon goshi. Amma gaskiya dangin da ya fi damun manomi shi ne Delphacidae, masu fiye da iri 2,000, kuma gane su ba wuya in kana da gilashin ƙara girma: a ƙafarsu ta baya akwai wata ƙaya mai motsi kamar ƙayar ƙafar zakara, sauran dangin ba su da irinta.

Me Delphacidae suke yi da ake ta maganarsu?

Ciyawa da danginta suka fi so, kaga kenan shinkafa da masara da dawa da rake duk abincinsu ne. Wanda ya fi suna shi ne Nilaparvata lugens na gonakin shinkafa a Asiya, ɗan ƙaramin abu ne ruwan ƙasa da bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma in suka taru a gindin shuka suka yi ta zuƙa sai ka ga wani yanki na gona ya bushe yayi ja kamar an cinna masa wuta, kuma bayan haka suna ɗauke da cututtukan da ke tsumburar da shinkafa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda feshin magani ya ƙara rura matsalar, domin maganin yana kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye su, su kuma ƙwansu yana ɓoye cikin jikin shukar, sai su ƙyanƙyashe su samu fili babu mai taɓa su. A 1986 har sai da shugaba Suharto na Indunusiya ya hana fesa magunguna 57 a kan shinkafa saboda wannan.

Mu a nan akwai su?

Akwai Peregrinus maidis, yana ƙasashe masu zafi har da Afirka, yana kama masara da dawa yana yaɗa musu cuta. Sai dai a kula, cutar nan da ke sa ganyen masara yayi zane-zane fari da rawaya, wadda manomanmu suka sani sosai, ba shi ne ke kawo ta ba, wani ƙwaro ne Cicadulina, kuma shi ɗan wani rukuni ne daban duk da suna kama da juna.

Gaskiya ne akwai mai haske kamar fitila?

A'a, kuskure ne tsoho. Dangin Fulgoridae ne, manya masu ado, kuma tun littafin da wata mai nazari da zanen ƙwari, Maria Sibylla Merian, ta fitar a 1705 aka yaɗa cewa kan wani irinsu na Kudancin Amurka yana haske da dare, sunan lanternfly na Turanci, wato ƙwaro mai fitila, ya bi su har yau. Ɗan uwansu Lycorma delicatula ɗan asalin Sin ne, an fara ganinsa a jihar Pennsylvania ta Amurka a 2014, yanzu ya addabi gonakin inabi a can.

To ya suke wannan tsallen?

Nan abin mamakin yake, Allah mai iko. A 2013 Malcolm Burrows da Gregory Sutton a jami'ar Cambridge suka nuna cewa 'ya'yan Issus coleoptratus, wani iri na dangin Issidae, suna da haƙora a tushen ƙafafunsu na baya kamar giyar inji, suna shiga cikin juna don ƙafafun biyu su tashi lokaci ɗaya kada ƙwaron ya karkace a iska. In ya girma yayi saɓar ƙarshe sai giyar ta ɓace.