Fiziks da ɗakin gwaje-gwaje: tambayoyin ɗaliban sakandare a Sakkwato

Me ya sa fiziks ke firgita ɗalibai tun daga SS1?

Darasin yana farawa ne da awo da motsi da ƙarfi, kuma nan ne hadda ke gazawa. Ɗalibi yana iya haddace dokokin motsi uku da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ba tare da ya tsallake kalma ba, amma da zarar an tambaye shi tazarar da mota za ta yi kafin ta tsaya bayan an taka birki, sai ya tarar lissafi ake nema.

Wane gwaji aka fi yi?

Gwajin lilo. Ana ɗaure ɗan dunƙulen ƙarfe da zare a rataye shi, a ja shi gefe kaɗan a saki, sannan a auna lokacin da zai ɗauka yana kai da komo sau 20, domin hannun mai danna agogo yakan yi jinkiri, kuma raba jinkirin gida 20 yana rage illarsa. Zare mai tsawon mita 1 yana kammala zuwa da dawowa cikin kusan daƙiƙa 2. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne nauyin ƙarfen ba ya sauya wannan lokaci. Tsawon zaren ne ke sauya shi, kuma sai an ninka tsawon sau 4 lokacin zai ninku sau 2. Daga nan ake lissafo ƙarfin jan ƙasa, wanda adadinsa ya kusan 9.8.

Idan sakamakon bai zo 9.8 ba fa?

A rubuta abin da aka samu. A Sakkwato, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ba wanda ke son a kashe fanka, alhali iskarta tana kaɗa zaren, haka ma iskar hunturu idan taga tana buɗe. Wanda ya samu 9.5 ya kuma bayyana dalili ya fi, a ganina, wanda ya gyara alkalumansa don su dace da littafi, kuma gogaggen malami yakan gane awon da aka ƙaga saboda kyansa ya wuce kima.

Shin darasin yana da alaƙa da rayuwar gari?

Ƙwarai. Jigon ban-ruwa na fadama yana aiki ne da ƙa'idar da ake gwadawa da rula mai tsawon mita 1: nauyi sau nisansa daga madogara a ɓangare ɗaya dole ya yi daidai da na ɗaya ɓangaren kafin sandar ta daidaita.

Yaya jarrabawar gwaji take a WAEC?

Tambayoyi 3 ake bayarwa a amsa 2, galibi daga motsi da haske da lantarki. Maki mai yawa yana kan jadawalin awo, da zanen giraf, da matakan kiyaye kuskure da ɗalibi ya rubuta cewa ya ɗauka.