Dokokin da ke zaɓen 'yan sahu na huɗu a hokin NHL

Duk watan Satumba, idan ƙungiyoyin hokin ƙanƙara na gasar NHL suka buɗe sansanin atisaye a Amurka da Kanada, musun magoya baya ba a kan taurari yake ba. Kowa ya san Auston Matthews zai buga wa Toronto, Connor McDavid zai buga wa Edmonton. Inda ake kai ruwa rana shi ne kan mutum uku ko huɗu na ƙarshen jerin 'yan gaba. Wa zai samu gurbi, wa za a tura ƙaramar gasa, me ya sa aka riƙe wanda ƙafarsa ta fara nauyi aka sallami yaron da ya haskaka a wasannin share fage? Galibi koci ake ɗora wa laifi, alhali sau da yawa ba shi ya yi zaɓin ba. Dokoki biyu ne suka ɗaure masa hannu: iyakar jimillar albashin da ƙungiya za ta biya, da dokar tallata ɗan wasa ga sauran ƙungiyoyi kafin a sauke shi.

Sai an san tsarin wasan za a gane dalilin damuwa da waɗannan mutane. Ana buga zango uku ne, kowanne minti 20, kuma gudun kan ƙanƙara yana cinye numfashi ta yadda ɗan wasa ba ya wuce kimanin daƙiƙa 45 kafin ya fito wani ya shiga, wasa na tafiya ba a tsaya ba. Shi ya sa ƙungiya ke sa wa mutum 20 riga a kowane wasa: masu tsaron raga biyu da 'yan fili 18, waɗanda a al'ada ake raba su 'yan baya shida da 'yan gaba 12. 'Yan gaban nan sahu huɗu ne, mutum uku-uku. Sahu na farko da na biyu su ake sa ran su ci raga. Na uku da na huɗu su ne masu aikin wahala: tare taurarin abokan karawa, kare gida idan an fitar da ɗan'uwansu na minti biyu saboda keta, da kai jiki gaban faifan robar da ake bugawa da ƙarfi. Tauraro kan yi minti 20 a wasa, ɗan sahu na huɗu wataƙila goma. Dokar gasa ta ce ƙungiya ba za ta riƙe fiye da mutum 23 a jerinta ba har zuwa ranar rufe musayar 'yan wasa, kuma duk kwantiragin da take da su, har da na yaranta da ke ƙaramar gasar AHL, kada su wuce 50.

Iyakar albashi ba ta zo da sauƙi ba. Masu ƙungiyoyi sun rufe ƙofa a 2004, suka ce ba wasa sai 'yan wasa sun yarda a sa wa albashi iyaka, aka yi asarar kakar 2004-05 ɗungurungum, ba a ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar, ba a shekarar. Da aka dawo a 2005, iyakar ta fara da dala miliyan 39 ga kowace ƙungiya. Tana hawa ne gwargwadon kuɗin shigar gasar, wanda tun 2013 ake raba shi biyu daidai tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa. Annobar korona ta tsayar da ita a miliyan 81.5 har kaka uku, sannan ta kai miliyan 88 a 2024-25 da miliyan 95.5 a 2025-26. Akwai kuma mafi ƙarancin abin da dole ƙungiya ta kashe, don kada mai ita ya tara yara masu araha ya zuba riba a aljihu. A 2024-25 miliyan 65 ne.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai sai ya ajiye abin da ya sani. A nan ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiyar gasar, ba a faɗawa ƙaramin rukuni, kuma attajiri ba zai biya tara ya wuce iyaka ba. Toronto da New York Rangers, da ke cikin mafi arziki a ƙungiyoyi 32 na gasar, iyakarsu ɗaya da ta Winnipeg.

Abin da ake lissafawa ba albashin shekarar ba ne, matsakaicin kwantiragi ne. Idan an ba mutum miliyan 30 na shekara biyar, nauyinsa miliyan shida ne kowace shekara, ko da an biya shi rabin kuɗin tun a farko. Mutum ɗaya ba zai ɗauki fiye da kashi 20 cikin ɗari na iyakar ba, kuma ba a biyan kowa ƙasa da mafi ƙarancin albashi, wanda ya kasance dala 775,000 daga 2023 zuwa kakar 2025-26. Tuwo ne a kwano ɗaya: duk wanda ya yi babbar loma, daga rabon wani ya ɗiba.

Toronto ta kakar 2024-25 ita ce misalin da ya fi fito da wannan fili. Matthews na ɗaukar miliyan 13.25, William Nylander 11.5, John Tavares 11, Mitch Marner 10.9. Mutum huɗu, dukkansu 'yan gaba, sun cinye sama da miliyan 46 cikin 88. Ragowar kimanin miliyan 41 ita za a raba wa sauran mutum 19, ciki har da masu tsaron raga da 'yan baya irin Morgan Rielly mai miliyan 7.5. To ina kuɗin sahu na uku da na huɗu? Dole a cika su da masu mafi ƙarancin albashi, ko tsofaffin da suka yarda da kwantiragin shekara ɗaya. Magoya bayan Toronto, waɗanda rabonsu da kofi tun 1967, sun yi shekaru suna cewa ƙananan sahu ba sa cin raga a wasannin kofi, wato na fitar da gwani da ake yi bayan an gama wasannin kaka. Suna da gaskiya, amma laifin ba na waɗancan mutanen ba ne kawai. Abin da kuɗin ya iya saya ke nan. Florida ta fitar da su a wasa na bakwai a zagaye na biyu a 2025, kuma a bazarar Marner ya koma Vegas, Tavares ya sake sa hannu a kan abin da bai kai rabin albashinsa na da ba.

Doka ta biyu ita ce ta fi rikita mutane, ita ce kuma ta fi taɓa 'yan ƙarshen jeri. Idan ƙungiya na son sauke gogaggen ɗan wasa zuwa AHL, ba za ta tura shi kai tsaye ba. Sai ta tallata shi ga sauran ƙungiyoyi 31 na tsawon awa 24. Duk wadda ke so za ta iya ɗaukarsa da kwantiraginsa yadda yake, ba ta ba da ɗan wasa a madadi ba, sai ɗan kuɗin ka'ida da bai taka kara ya karya ba. Idan masu nema sun fi ɗaya, wadda ta fi kusa da ƙasan tebur ita ke samu. Kafin 1 ga Nuwamba da teburin bara ake aiki, bayan nan da na bana. Idan ba wanda ya nema, sai a sauke shi, kuma za a iya dawo da shi a sake mayar da shi ba tare da sabuwar talla ba, muddin bai buga wasa 10 ko ya yi kwana 30 a babbar ƙungiya ba.

Manufar tana da kyau, kuma ina goyon bayanta. An kafa ta ne don kada ƙungiya mai yawan gwanaye ta ɓoye mutumin da ya cancanci babbar gasa a ƙaramar ƙungiyarta shekara da shekaru. Michael Grabner ya ci gajiyarta: Florida ta tallata shi a Oktoban 2010, New York Islanders ta ɗauke shi, ya ci raga sau 34 a kakar. Nashville ta tallata Eeli Tolvanen a Disamban 2022, Seattle ta karɓe shi, ya ci 16 a sauran kakar. Gustav Forsling, ko da yake ɗan baya ne, ta wannan ƙofa Florida ta same shi daga Carolina a farkon 2021, ya ɗaga kofi da su a 2024 da 2025.

Sai dai dokar ba ta hau kan kowa ba. Matasa suna da rangwame na wani lokaci, gwargwadon shekarun da suka sa hannu a kwantiragin farko. Ɗan fili da ya sa hannu yana da shekara 18 ba a tallata shi sai ya yi shekara biyar ko wasa 160, duk wanda ya riga zuwa. Mai shekara 20, shekara uku ko wasa 160. Mai 22, shekara uku ko wasa 70. A nan amsar tambayar Satumba take. A ce gurbi ɗaya ya rage, mutum biyu na nema: yaro mai shekara 21 da ya fi taka rawa a sansani, da mai shekara 28 da ya ɗan gaza shi. Idan aka sauke yaron, ƙungiya ba ta rasa kowa ba, yana nan a AHL ana iya kiransa gobe. Idan aka sauke babban, wata ƙungiya na iya ɗauke shi kyauta. Manaja da ke tunanin doguwar kaka da raunukan da ba makawa sai sun zo zai sauke yaron, ko da ya fi cancanta. Magoya baya su ga zalunci, shi kuwa ya ga ya tsira da mutum biyu maimakon ɗaya. Ba na ganin laifin manajan, amma yaron shi ke biyan kuɗin wannan lissafi, kuma a zahiri yake biya: kwantiragin farko mai albashi biyu ne, na sama da na ƙasa, kuma na AHL bai kai dala dubu 100 a shekara ba. Mutane kan ɗauka cewa irin wannan kwantiragi shi ke hana talla. Ba haka ba ne. Shi albashi kawai ya shafa, shekaru da yawan wasa su ke yanke maganar talla.

Me zai hana ƙungiya ta jefa mai tsadar da ya gaza zuwa AHL ta huta da nauyinsa? A da ana yi. Rangers ta ba Wade Redden miliyan 39 na shekara shida a 2008, da wasansa ya ja baya ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta ta AHL a Hartford a 2010, nauyin miliyan 6.5 ya fita daga lissafinta baki ɗaya. Yarjejeniyar da gasar ta ƙulla da 'yan wasa a 2013 ta toshe wannan. Yanzu abin da ke sauka daga lissafi bai wuce mafi ƙarancin albashi da ƙarin dala 375,000 ba, wato miliyan 1.15 daga 2023 zuwa kakar 2025-26. A wannan lissafi, mai miliyan huɗu da aka sauke zai ci gaba da cin miliyan 2.85 na iyakar. Shi ya sa za ka ga mai tsada na zaune a sahu na huɗu duk da ihun 'yan kallo, shi ya sa kuma albashin 'yan ƙarshen jeri ke taruwa ƙasa da wannan adadi, inda za a iya sauke su ba asara.

Duk mai shakkar darajar waɗannan mutane ya dubi Tampa Bay. A Fabrairun 2020 ta ba da zaɓenta na zagayen farko na ɗaukar matasa har guda biyu don ta samu Blake Coleman da Barclay Goodrow, mutanen da ba taurari ba. Abin da ta saya shi ne araharsu: Coleman miliyan 1.8, Goodrow dala 925,000. Aka haɗa su da Yanni Gourde a sahu na uku, Tampa ta ci kofi a 2020 da 2021. A bazarar 2021 sahun ya watse gaba ɗaya. Seattle, sabuwar ƙungiya, ta ɗauki Gourde, Coleman ya tafi Calgary a kan miliyan 4.9, Goodrow ya koma Rangers a kan sama da miliyan 3.6. Nasara ta ɗaga farashinsu, iyaka ta hana a riƙe su. Haka Chicago ta rabu da Dustin Byfuglien da Andrew Ladd da Kris Versteeg makonni kaɗan bayan kofinta na 2010. Saboda haka duk hasashen kaka da aka gina kan sunayen bara, ba a duba wa ya bar sahu na uku ba, hasashe ne rabi.

Kofin Tampa na 2021 ya ta da wata ƙura. Doka ta yarda ƙungiya ta wuce iyaka don maye gurbin wanda rauni zai hana shi aƙalla wasa 10 da kwana 24, kuma a lokacin iyakar ba ta aiki a wasannin kofi. Nikita Kucherov, mai miliyan 9.5, bai buga ko wasa ɗaya a kakar ba bayan tiyatar ƙugu, sai ga shi a wasan farko na neman kofi, ya kuma fi kowa maki na cin raga da taimakawa a ci har ƙarshe. Tampa ba ta karya doka ba, amma abokan hamayya sun ji an yi musu wayo. Sabuwar yarjejeniyar da gasar ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2025 ta rufe wannan kafa: jimillar albashin waɗanda aka sa wa riga a wasan kofi dole ta shiga cikin iyaka. Ta kuma ƙara wasannin kaka zuwa 84 daga 2026-27, tare da ɗaga mafi ƙarancin albashi. Ƙarin wasanni na nufin ƙarin gajiya da rauni, wato ƙarin aiki ga mutum na 13 da na 14 a jerin 'yan gaba.

Inda dokar tallatawa ta gaza a ganina shi ne ba ta tambayar ra'ayin mutumin da ake tallatawa. Goodrow ɗin nan ya ci raga sau huɗu kacal a kakar 2023-24, sannan ya ci shida a wasannin kofi, Rangers ta kai zagaye na uku. A kwantiraginsa akwai sharaɗin ƙungiyoyi 15 da ba za a yi musayarsa zuwa gare su ba sai da yardarsa. Sharaɗin musaya ya shafa, bai shafi talla ba. A Yunin 2024 Rangers, da ke neman sararin kuɗi, ta tallata shi, San Jose da ta ƙare a ƙasan tebur ta yi amfani da fifikonta ta ɗauke shi da sauran shekara uku na kwantiraginsa. Cikin awa 24 ya tashi daga ƙungiyar da ta fi kowa maki a kakar zuwa wadda ta fi kowa ƙarancin maki, kuma ba sakin layi ko ɗaya na yarjejeniyar da aka saɓa.