Kundin yau da kullum na André Gide

Kundin André Gide, wanda ake kira Journal da Faransanci, littafi ne da marubucin ƙasar Faransa André Gide (1869–1951) ya riƙa zuba abin da ya gani da abin da ya karanta da abin da ke damun zuciyarsa. Ya fara shi a 1887, yana ɗan kimanin shekara 18, bai kuwa ajiye alƙalami ba sai da tsufa ya ci ƙarfinsa. A 1939 kamfanin Gallimard ya buga rubutun shekara 50, daga 1889 zuwa 1939, a jerin littattafan Pléiade, Gide ya zama marubuci na farko da ya shiga wannan jeri yana raye. Ya samu kyautar Nobel ta adabi a 1947.

Galibi irin wannan kundi sai bayan mutuwar mai shi ake fitar da shi. Gide kuwa da hannunsa ya tace nasa ya miƙa wa jama'a, saboda haka mai karatu ya san akwai abin da aka ɓoye. Mafi girman giɓin shi ne matarsa Madeleine. A 1918 ta ƙone dukan wasiƙun da ya taɓa aika mata, abin da ya girgiza shi ƙwarai, amma ya cire shafukan da suka shafe ta daga bugun 1939. Daga baya suka fito a wani ɗan littafi dabam.

Tasirinsa a adabin zamani ya fi bayyana a ginin ƙagaggen labari. A wani shafi na 1893 ya rubuta cewa yana son a ga jigon littafi ya sake bayyana a cikin littafin da kansa, kamar wasan kwaikwayon da aka shirya a cikin Hamlet, wasan kwaikwayon Shakespeare. Ya gwada wannan a ƙagaggen labarinsa Les Faux-monnayeurs (1925), inda wani marubuci mai suna Édouard ke ƙoƙarin rubuta labari mai wannan suna, yana kuma ajiye kundinsa, wanda muke karantawa a tsakiyar labarin. Gide bai tsaya nan ba, ya buga kundin da shi kansa ya ajiye lokacin aikin. Daga nan wahalar rubutu ta zama abin ba da labari, hanyar da marubutan Faransa na shekarun 1950 suka bi sosai. Manazarcin adabi ɗan Faransa Roland Barthes ma ɗaya daga cikin rubuce-rubucensa na farko, a 1942, kan wannan kundi ya yi shi.

Akwai ɓangaren da ya cancanci a fi karanta shi. Tsakanin 1925 da 1926 Gide ya ratsa Kwango ta Faransa da Chadi da Kamaru, yana rubutu kullum a hanya, aka buga shi a littattafai biyu, Voyage au Congo (1927) da Le Retour du Tchad (1928). Ya rubuta yadda kamfanonin da aka ba dazuzzuka ke tilasta wa mutanen ƙauye tara roba a kan kuɗi kaɗan, da dukan da ake yi wa wanda ya kasa cika awo. Bai kai ga ƙin mulkin mallaka gaba ɗaya ba, kuma wani lokaci yakan kalli 'yan ƙasa da idon Baturen zamaninsa. Duk da haka maganar ta kai har majalisar dokokin Faransa, kamfanonin suka shiga kare kansu a jaridu.