Tsamin jini da raguwar plaket a jikin majinyaci mai tsanani

Tsamin jini shi ne saukar pH, wato ma'aunin tsami, na jini ƙasa da 7.35, alhali na mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45. Nau'in da ake magana a nan shi ne wanda ke tasowa daga aikin jiki, inda bikabonat, sinadarin da ke rage tsami a jini, ke faɗuwa ƙasa da 22 mmol a lita, ba wanda gazawar huhu ke kawowa ba. Plaket kuwa ƙananan ƙwayoyi ne da ɓargo ke yi don toshe inda jini ke zuba. Suna rayuwa kwana 7 zuwa 10, kusan kashi ɗaya cikin uku suna ajiye a saifa, kuma ana cewa sun yi ƙaranci idan suka kasa 150,000 a maikrolita.

A ɗakin masu ciwo mai tsanani a kan ga biyun tare, kuma galibi tushensu ɗaya. Idan jini bai kai oksijin ga sassan jiki ba, sai laktat, sinadarin tsami da jiki ke yi idan oksijin ya yi ƙaranci, ya taru, jini ya yi tsami. Lalacewar bangon ƙananan jijiyoyi da ke hana jinin gudana ita ce kuma ke sa plaket su maƙale, su ƙare cikin ƙananan gudaji. Haka ake gani idan ƙwayoyin cuta suka mamaye jini, ko bayan haɗarin babur, ko zubar jini bayan haihuwa.

Amma tsamin da kansa yana ɓarna. Idan pH ya doshi 7.1, sinadaran daskarar da jini suna rage saurin aiki, fibirinojin, sinadarin da ke zama zaren gudan jini, na saurin narkewa, plaket ɗin da suka rage kuma ba sa manne wa juna da kyau. Idan sanyin jiki ya haɗu da su, zubar jini na ƙara tsami, tsami na ƙara zubar jini. Shi ya sa lulluɓe mai rauni da bargo da ɗumama ruwan da ake ƙara masa suke cikin magani. Yawan ƙarin ruwan gishiri na kashi 0.9 ma yana kawo nasa tsamin saboda kuloraid, yana kuma tsarma plaket. Ruwan Ringer, wani nau'in ruwan ƙari, ya fi sauƙi a wannan fanni.

Saurin tsami da na plaket ba ɗaya ba ne. Tsami na iya tashi ko sauka cikin awoyi, plaket kuwa sai an ɗauki kwanaki kafin su farfaɗo. Don haka idan laktat ya sauka, fitsari ya dawo, amma plaket na ƙasa a rana ta uku, ba lalle magani ya gaza ba. Abin tsoro shi ne sabuwar faɗuwa bayan an fara murmurewa. Nan a nemi sabuwar cuta ko laifin magani: heparin, maganin hana daskarewar jini, na iya saukar da plaket tsakanin rana ta 5 da ta 10, kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ma na iyawa, linezolid, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuwa yana iya kawo matsalolin biyu a tare.

A Garwa, Marwa da Njamena, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro ne babban misali. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukarsa mai tsanani idan bikabonat ya kasa 15, ko laktat ya kai 5 mmol a lita. Plaket na yawan faɗuwa a wannan cuta, amma zubar jini ba ta cika biyo baya ba, kuma suna hawa da kansu bayan allurar artesunate, miligiram 2.4 ga kowane kilo, ko 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Tsamin ne ya fi nuna haɗarin mutuwa. Inda babu injin awon iskar jini, numfashi mai zurfi da sauri ga yaron da huhunsa ke wasai alama ce da bai kamata a jira takardar gwaji a kanta ba. Kwalara kuwa tana zubar da bikabonat ta gudawa, jini ya yi tsami sosai, plaket ba su taɓu ba.

Gwaji ma yana yaudara. A kwalba mai murfi shunayya plaket na iya dunƙulewa, inji ya ƙirga su kaɗan. Sai a sake ɗiba a mai shuɗin murfi, a duba a madubin likita. Laktat kuma yana hawa idan jinin ya daɗe a ajiye cikin zafi.

Magani yana fuskantar tushen ciwon: tsayar da jini, kashe ƙwayar cuta, dawo da gudun jini. Bikabonat na gyara lambar pH, amma ba ya dawo da daskarewar jini nan take, kuma ba a cika ba da shi ba sai pH ya kai wajen 7.1. Ana ƙara plaket idan sun kasa 10,000, ko 50,000 ga mai zubar jini ko mai shiga tiyata. Ajiyarsu na da wuya, domin sai a zafin digiri 20 zuwa 24 ana girgiza su, kuma kwana 5 kawai suke yi, don haka a ƙananan asibitoci sabon jinin da ɗan'uwa ya bayar shi ne abin da ake samu. Masu jinya kuma su daina ba majinyaci asfirin ko ibuprofen, su sanar da ma'aikata da zarar sun ga haɓo, jini a dasashi, ko baƙin bahaya.