Harajin USC a Ireland: ya zo da sunan baƙo, ya zama ɗan gida

Kusan duk ma'aikacin Ireland da ya duba takardar albashinsa zai ga an rubuta USC, wato Universal Social Charge, harajin da ake cirewa daga abin da mutum ya samu, an zabtare masa wani abu. Wannan haraji ɗaya ne daga cikin abubuwan da manufar tsuke bakin aljihu ta bar wa ƙasar.

Asalin maganar daga bankuna ne. A ƙarshen Satumban 2008, bayan kasuwar gidaje ta rushe, gwamnatin Brian Cowen ta tsaya wa manyan bankunan ƙasar a kan basussukansu. Ceto su ya lashe kusan Yuro biliyan 64. Zuwa Nuwamban 2010 ita kanta gwamnatin ta durƙusa, aka haɗa mata shirin ceto na Yuro biliyan 85, mafi yawansa rance daga Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Rance kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, sai da sharaɗin rage kashe kuɗi da ƙara haraji. Ministan kuɗi Brian Lenihan ya kawo USC, ya fara aiki a Janairun 2011, ya maye gurbin wasu haraji biyu da ake ɗorawa bayan ainihin harajin albashi, na ƙari a kan kuɗin shiga da na lafiya.

Me dokar ta ce? Ana lissafa shi a kan gundarin abin da mutum ya samu, tun kafin a cire kuɗin da yake zubawa na fansho. Kuma hawa-hawa ne. A shekarar farko, kashi 2 cikin 100 ake karɓa har zuwa Yuro 10,036, sai kashi 4 har zuwa 16,016, abin da ya haura haka kashi 7. Tallafin da gwamnati ke ba marasa ƙarfi ba a taɓa shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda aka yafe wa. Sai wanda samunsa bai kai Yuro 4,004 a shekara ba. Wato mai share ofis da ɗalibin da ke ɗan aikin ƙarshen mako duk sun shiga komar, alhali da yawansu a da ba sa biyan harajin albashi. Kuma da ka tsallake iyakar ko da Yuro ɗaya ne, a kan dukan kuɗinka za a caje ka, ba a kan rarar ba. Ƙorafi ya yi yawa, a 2012 aka ɗaga iyakar zuwa 10,036, daga baya ta kai 13,000.

Ga shi kuma harajin ya tarar da mutane a galabaice. An riga an yanke albashin ma'aikatan gwamnati, kuɗin tallafin yaro na wata ya sauko daga Yuro 166 har ya kai 130 a 2013, rashin aikin yi ya kai wajen kashi 15, matasa suka yi ta ƙaura zuwa Ostireliya da Kanada da Birtaniya. Harajin kamfanoni na kashi 12.5 kuwa ko ƙwarzane bai samu ba, kuma a ganina nan ne ya fi yi wa talaka ciwo.

Ireland ta fita daga shirin ceto a Disamban 2013. A zaɓen 2016 jam'iyyar Fine Gael ta Enda Kenny ta yi alkawarin soke USC. An dai yi ta rage kasonsa, amma yana kawo wa baitulmali biliyoyin Yuro duk shekara, har yau kuma ana cire shi.