Jan ido: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Tun da aka fara sussukar gero, hunturu kuma ya buso, ba a yin kwana biyu ba a zo mini ɗakin shan maganinmu da jan ido ba. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida.

In na kalli mai Apollo zan kamu?

A'a. Hannu ne ke yaɗa shi, da tawul ko mayafin da aka goge ido, da tandun kwalli ɗaya da gida duka ke amfani da shi. Ku wanke hannu da sabulu.

Me ya sa ake ce masa Apollo?

A Ghana ya fara ɓarkewa a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata da kumbon Apollo 11. Iyakar dangantakarsu ke nan.

In ɗiga nonon mai jego?

Kada ki soma, Iya. Haka fitsari, ruwan sukari, ruwan albasa, balle ruwan batir. Apollo ƙwayar bairos ce, cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan tafi da kansa. Sai a ɗiga wani abu, ciwon ya warke don lokacinsa ya yi, a ce magani ya ci. Wanda idonsa ya lalace kuwa a ce ƙaddara.

Maigida ya dawo daga gona ido ɗaya ja, asibitin ido da nisa, kuɗin mota ba ya hannu. Mu jira ko mu tafi?

To, wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa da kalma ɗaya. Ya danganta. In ƙura ce ko ƙaiƙayi, a wanke da ruwa mai tsabta, a bar murzawa. Idan yana gani garau, zafin kuma yana raguwa, babu laifi a jira zuwa gobe. Amma in kara ne ko ƙaya ta soke shi, ko da ya ce "ai ɗan kaɗan ne", ni ba zan ce a jira ba. Raunin da tsiro ya yi wa baƙin ido yakan kawo gyambo, kuma gyambon ba ya ba da lokaci. Ku haska da tocila ku duba: in akwai farin ɗigo a kan baƙin idon, ko ya kasa kallon haske, ko gani ya dushe, a sayar da tiya biyu a hau mota, ko Dutse, ko Haɗeja, ko asibitin ido na ECWA da ke Sabon Garin Kano. Haka in ciwon ya zo da ciwon kai mai tsanani da amai, yana ganin bakan gizo kewaye da fitila. Wannan na iya zama hawan jinin ido, ba a bari ya kwana. In kuma maganin feshi ne ya fantsama, a fara zuba ruwa minti 15 zuwa 20 kafin ma a nemi babur. Abin da ya fi damuna shi ne tsayawa kemis a hanya. Akwai maganin ɗigawa mai ɗauke da dexamethasone, yana kashe jan nan take, mutum ya ji daɗi, gyambo kuwa na ci a ƙasa. Ban ce maganin ba shi da amfani ba, amma sai wanda ya duba idon ya rubuta.

Jaririna idonsa ya kumbura, yana mugunya.

In bai kai kwana 28 ba, yau za ki kawo shi. Kada a ce sai an yi suna ko an gama wankan jego.

Jini ya kwanta a farin idona, ba zafi.

Kwantar da hankalinka, Malam. Tari ko yunƙuri ne ya fasa 'yar jijiya, zai washe cikin mako biyu. Amma zo mu auna hawan jini.

Yarona kullum ido ja, ko ya fara shaye-shaye ne?

Wiwi na sa jan ido, gaskiya ne. Haka hayaƙin itace, da rashin barci, da borin jini mai sa yara sosa ido har farin ya koma ruwan ƙasa. In da zazzaɓi da ƙuraje, a yi tunanin ƙyanda. In ƙuda na bin fuskarsa, a duba amosanin ido. Baba, a kawo shi mu gani kafin a ɗauko bulala.